Yadda Ake Ƙulla Labarin Bincike na Matasa a Cikin Gidan Bahaushe

Duk wanda ya zauna zai rubuta wa matasa labarin bincike, irin wanda wani abu ke ɓacewa ko wani asiri ke binne sai an tono shi, da matsala ɗaya yake fara karo: yarinya 'yar shekara 16 a Maraɗi ba ta isa ta tsare baffanta da tambaya ba. Ba ta da hurumin shiga turakar mahaifinta ta buɗe adaka, bayan magariba kuma ba ta ƙofar gida. Marubuta da dama sukan gudu daga wannan takura, su ɗauko jami'in bincike mai taba a baki da gawa a ɗaki kulle, labarin ya fito kamar rigar aro. Alhali takurar ita ce jarin marubuci. A gidajenmu kunya da rufin asiri sun fi kwaɗo iya ɓoye magana, kuma yaro ne ke da ƙofofin da babba ba ya bi.

A fara da gaskiyar magana

Kafin babi na ɗaya, a rubuta shafi guda wanda mai karatu ba zai taɓa gani ba. A ciki a amsa: me ya faru, wa ya aikata, a wace rana da wane lokaci, don me, wa ya sani ya yi shiru, kuma me ya rufe masa baki. Wannan ta ƙarshen ita ce ake yawan mantawa, ita ce kuma ke riƙe da labarin iyali.

Ga misalin da za mu yi aiki da shi har ƙarshe. Wani ɗan kasuwar aya da wake a Maraɗi ya rasu. Ya bar mahaifiyarsa, mata biyu, ƙane ɗaya da suke uwa ɗaya uba ɗaya, da ɗiya guda da kowa ya sani, Rabi, wadda ke ajin ƙarshe na kwaleji tana shirin jarrabawar BEPC. A gidan akwai Hajara, wadda ta girmi Rabi da shekara uku, ana cewa ɗiyar riƙo ce, jikar ƙanwar kaka. Bayan sadakar bakwai aka buɗe adakar mamaci, babu takardar gonarsa ta bakin gulbi. Nan take ido ya koma kan amarya. Gaskiyar da ke shafin ɓoye ita ce: Hajara ɗiyar farin mamacin ce, daga auren da ya yi a Jibiya yana saurayi mai fatauci. Uwar ta rasu wajen haihuwa, kaka ta ɗauko jaririyar ta sauya mata asali don kada auren zumuncin da aka riga aka sa wa rana ya lalace. Kaka ce ta ɗauke takardar, don ta jinkirta rabon gado har dattijon da ya shaida wancan aure ya iso. Baffa ya san komai, shi ya sa yake gaggawar a raba.

A lura ba a kashe kowa ba. Ga mai karatu ɗan shekara 13 zuwa 18, takardar gona, kuɗin adashi, 'yan kunnen zinari na lefe ko jar akuyar da aka yi wa tanadin Layya sun isa, muddin ɓatansu zai iya raba gida.

Lissafin da ke haifar da dalili

In gado ne ginshiƙin labari, a yi lissafinsa da alƙalami, a kuma kai wa malamin da ya san fara'il ya duba. A misalinmu ana kasa dukiya kashi 24. Matan biyu su raba tumuni, wato kashi 3. Mahaifiya ta ɗauki sudusi, kashi 4. Idan ɗiya ɗaya ce tilo, rabi nata ne, kashi 12, sauran 5 su tafi ga baffa. Idan 'ya'ya mata biyu ne, suna da biyu bisa uku, kashi 16, kowace 8, baffa ya tashi da kashi 1 rak. A ce an yi wa gonar kuɗi jika 2,400 (jika ɗaya sefa 1,000 ce), kowane kashi jika 100 ke nan. Bayyanar Hajara za ta sauko da baffa daga jika 500 zuwa jika 100, ita Rabi kuma daga 1,200 zuwa 800.

Wannan lissafin ya ba baffa dalili, ya kuma ɗora wa jarumar nauyi: gaskiyar da take tonowa daga rabonta za a yanka. Labarin da mai bincike ba ya asarar komai in ya gano gaskiya, kacici-kacici ne kawai.

Kurakurai biyu ke rushe irin wannan gini. Na farko, a ba mamaci ɗa namiji sannan a ce ƙanensa na kwaɗayin gado. Da zarar akwai ɗa namiji, ɗan'uwa ba ya cin komai, sai dai a nemo masa wani dalili, kamar bashi ko riƙon dukiyar marayu. Na biyu, a bar asalin ɓoyayyar ɗiya a dagule. Dole a san an ɗaura aure da waliyyi da shaidu da sadaki, domin a kan wannan gādonta ya rataya. Haka nan wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji. Mai karatun da ya yi Islamiyya zai kama marubuci a nan tun kafin a kai rabin littafi.

Ƙofofin da yaro ke bi

Tunda Rabi ba za ta yi wa manya tambayar ƙeƙe-da-ƙeƙe ba, a tanadar mata hanyoyin da al'ada ta riga ta buɗe.

Aike shi ne babba. Matan mamaci suna takaba, wata huɗu da kwana goma, ba su fita sai da lalura, don haka duk saƙon gidan ta hannun yara zai bi: kai wa liman abincin sadaka, karɓo kuɗi wajen uwar adashi, sayo magani. Kowane aike damar gani ce da ji. Takabar ta kuma zama shaida ga amarya, domin wadda ba ta taka zaure ba ta yaya ta fitar da takarda? Tilas ko takardar tana cikin gidan, ko wani ya ɗaukar mata.

Sai raini. Manya suna magana a gaban yarinyar da ke zuba ruwan alwala ko tankaɗen gari kamar ba ta wurin. Amma kada a dogara da laɓe. In sau uku jaruma tana samun bayani ta hanyar tsayawa bayan labule, marubuci ne ya gaji. Sau ɗaya ya isa, shi ma ta ji rabin magana, ta yi mata gurguwar fassara.

Sai wasa. Tsakanin kaka da jika, da tsakanin taubasai, akwai izinin faɗin abin da ba ya faɗuwa. A ba Rabi abokin aiki, ɗan kawunta Sani da ya zo gaisuwa daga Katsina. Shi yana zama a zaure da maza, yana zuwa fadar samari inda ake dafa shayi ana sakin baki, ita tana cikin gida da mata. Kowannensu rabin gidan yake gani, labarin kuma yana motsi ne a lokacin da suka haɗa abin da suka tsinto, suna yi suna tsokanar juna. Ga yadda tambaya ke shiga ta ƙofar wasa:

"Tsohuwa, wai ni kaɗai ce kishiyarki a gidan nan, ko da wata?"

Kaka ta ci gaba da goga goronta a magogi, ba ta ɗago ba. "Ke ce mai baki. Mai haƙurin ta riga ki zuwa."

"Wace ce ta riga ni?"

"Tashi ki ɗauko mini buta, la'asar ta yi."

Kaka ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma amsa ba. Haka dattijai ke yi, kuma irin wannan kaucewar ta fi ƙarya amfani, domin mai karatu zai iya dawowa baya ya tarar an faɗa masa gaskiya tun da wuri.

Alamomi: nawa, wane iri, a ina

Littafi mai kalmomi 25,000 zuwa 35,000 yana ɗaukar waɗanda ake zargi uku ko huɗu, da alamomi na gaskiya bakwai zuwa tara. Ƙasa da haka a gano da wuri, fiye da haka a rikice. Kowane wanda ake zargi a ba shi asirin kansa wanda bai shafi laifin ba. Amarya na ɓoye cikin wata biyu da ba ta faɗa wa kowa ba, shi ya sa take rufe ɗaki (a sani wannan ma zai tsayar da rabo har ta haihu, in kuma namiji ta haifa baffa ya fita gaba ɗaya, don haka ko a yi amfani da shi da gangan ko a ba ta wani asirin). Uwargida ta ci kuɗin adashi. Yaron shago yana sayar da aya a bayan ido. Waɗannan su ne ɓad-da-sawu, kuma dole kowanne a warware shi kafin babin ƙarshe.

Alama mafi ƙarfi ita ce wadda kowa ke gani kullum har ya daina lura. A misalinmu ita ce alkunyar ɗan fari. Mahaifiyar Rabi ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai "ke" ko "yarinyar nan". Mahaifinta kuwa yana ƙwala mata kira da sunanta tun daga zaure, ba ko nauyin baki. Amma Hajara bai taɓa ambatar sunanta ba, sai ya ce "ku kira mini waccan". Mutanen gida sun ɗauka rashin sakewa ne da ɗiyar wasu. A shuka wannan sau uku: a babi na 2 cikin tunawa mai daɗi, a tsakiyar littafi ta bakin Hajara tana ƙorafin bai taɓa sonta ba, sannan dab da ƙarshe lokacin da Sani ya yi wa Rabi ba'a cewa ita ɗiyar fari ce marar gata, uban ma bai ji kunyarta ba. A nan ne hankalinta zai juya. Mai karatu Bahaushe zai dafe kai, domin ya san al'adar, kuma an nuna masa tun farko.

Sauran alamomin su zama na hannu. Kwaɗon adaka ba a fasa shi ba, ke nan mai mabuɗi ne ko wanda ya san inda ake rataye shi. Jan ɗigon goro a kan farin ƙyallen da aka naɗe takardu. Wata lambar waya a kaye, wato littafin lissafin mamaci, mai alƙaluma 11 da ta fara da sifili, alhali lambobin Nijar 8 ne, a gefenta an rubuta kuɗi duk wata. Tsohon katin rigakafin jarirai da aka cike da Turancin Ingilishi, wanda Rabi mai Faransanci ta ɗauka takardar banza ce har sai da Sani ya karanta sunan uba.

Wurin ɓoye alama shi ne tsakiyar jeri ko tsakiyar hayaniya. In an buɗe adaka a lissafa abin da ke ciki guda shida: hula, casbaha, kaye, kwalbar turare, ƙyalle mai ɗigon ja, tsohon agogo. Nan take uwargida ta fashe da kuka, hankali ya koma kanta. In aka ba alama sakin layi nata ita kaɗai, an yi shela ke nan.

Abu biyu haramun ne ga wannan sana'a. Mafarki, boka ko aljani kada su ba da amsa. Mutanen labari suna iya zuwa wajen mai duba, domin haka rayuwa take, yana ma iya nuna marar laifi rikici ya ƙaru, amma warwara ta fito daga abin da jaruma ta gani ta auna. Na biyu, kada mai laifi ya zama baƙon da ya bayyana a babi na 25. Duk wanda zai ɗauki laifi a gan shi kafin a cinye kashi ɗaya bisa huɗu na littafin.

Jadawalin gida

A zana gidan a takarda: zaure, turaka, ɗakin uwargida, na amarya, na kaka, madafa, rijiya ko famfo, makewayi, turken awaki. A san wa ke hango ƙofar wa. Sannan a yi jadawalin ranar da abin ya ɓace, a auna shi da salloli, domin ba mai ce maka ƙarfe huɗu da minti goma, sai dai "bayan la'asar, kafin a sauke tuwo". Kowane mutum a rubuta inda yake daga asuba zuwa isha'i, da wanda ya gan shi. Ranar girkin wa ce, wa ya je kasuwa, yaushe aka ɗauke wuta. Yawancin ramukan da ke cikin labaran bincike daga rashin wannan takarda suke.

Labarin kuma yana buƙatar wa'adi. Zaman makoki ya ba da shi kyauta: uku, bakwai, arba'in. Baffa ya ce ranar arba'in za a raba, da takarda ko babu, tunda mai gari da maƙwabtan gona sun san iyaka. Rabi na da kwana 33. In aka sa rasuwar a watan Mayu, ga zafi, ga jarrabawa na matsowa, ga ruwan shuka na shirin sauka a gonar da ba a san mai ita ba.

Me ya sa ba a kai magana kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda, ba? A amsa wannan da wuri, cikin jimla biyu ta bakin babba: maganar gida ce, ba a kai ta waje ana cikin makoki. Matakan da aka saba su ne dattijan dangi, liman, mai unguwa, sannan hukuma. Wayar hannu ma a yi maganinta: ta mamaci na kulle a aljihun baffa, lambar Jibiya in an kira ba ta shiga.

Tsallaka iyaka

Iyalin da ke da ƙafa ɗaya a Maraɗi ɗaya a Najeriya ba ƙirƙira ba ce. Sarautar Maraɗi kanta ta Katsinawa ce da suka baro Katsina bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, har yau kuma Sarkin Katsinan Maraɗi ake cewa. Tsakanin biranen biyu kusan kilomita 90 ne, ta Ɗan Isa da Jibiya. Amma a zaɓi shekarar labari da hankali. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar. Dattijon da ake jira daga Jibiya zai iya makara saboda wannan, zuwan Sani ma sai an yi masa bayani.

Bambance-bambancen ƙanana su ne abin amfani. Rabi na ƙirga kuɗi da dala da jika: dala ɗaya sefa 5, dala ashirin sefa 100, jika sefa 1,000. Sani in ya ji "ashirin" zai ɗauka ashirin ɗin ce, kuskuren da zai iya karkatar da bincike babi biyu. Ita tana cewa lakwal da mushe da kaye, shi yana cewa makaranta da malam da littafi. Ita BEPC ke gabanta, shi WAEC. Kada dai a mai da ɗayansu wawa don a yi dariya, ko a tsaya ana lacca kan al'ada. Tarihi ma haka: ambaliyar gulbi ta 1945 da ta sa garin Maraɗi ya hau tudu tana iya shigowa a jimla ɗaya ta bakin kaka, in ana gardamar tsohuwar iyakar gona. In ba ta taɓa binciken ba, a bar ta.

Baki da rubutu

Ba da labari da daidaitacciyar Hausa, zance kuma da bakin masu shi, amma da awo. "Mi kake so?", "tahi", "ɗiyata", "gujiya" sun isa su nuna Bamaraɗe. In aka rubuta kowace kalma yadda ake furta ta, mai karatu a Kano ko Kaduna zai gaji. Rabi ba za ta kira babba da gatsal ɗin sunansa ba: Baffa, Kawu, Inna, Gwaggo, Yaya, kuma da "ku" take yi wa baffa magana ko tana fushi da shi. A zaɓi tsarin rubutu ɗaya a tsaya a kai, ko ƴ ta Nijar ko 'y ta Najeriya, kuma kada a yar da ƙugiyar ƙ, ɗ da ɓ. A labarin da kalma ɗaya ke iya zama alama, bambancin "ƙafa" da "kafa" ba wasa ba ne.

A yi babi guda 24 zuwa 30, kowane kalmomi 1,000 zuwa 1,200, domin babi mai wannan tsawo shi ne daidai abin da ake karantawa a waya a zama ɗaya. Ɓatan ya faru kafin ƙarshen babi na 2. Wajen tsakiya jaruma ta zargi marar laifi a fili, ta sha kunya, a hana ta fita. Kowane babi ya sauya abin da ta sani ko wanda take zargi. Wanda bai yi ko ɗaya ba a haɗe shi da na kusa. Mai sakin labari kashi-kashi a WhatsApp ko Facebook ya kammala rubutawa kafin ya saki na farko, domin alamar da aka manta a babi na 3 ba ta shukuwa bayan mutane sun karanta.

Ranar warwara

Kada Rabi ta miƙe a tsakiyar taron dattijai tana nuna mutane da yatsa. Ba za a bar ta ta kai aya ba, mai karatu ma ba zai yarda ba. Ta sami kaka ita kaɗai bayan isha'i, ta ajiye katin rigakafin a kan tabarma, ta ce, "Baba bai taɓa jin kunyar sunana ba." Sauran magana ta kaka ce. A zaman arba'in kaka ce za ta yi bayani, liman ya tabbatar da shaidar dattijon Jibiya, Rabi na bakin ƙofa da tiren ruwa. Baffa ba sai an ɗaure shi ba. Shirun da zauren zai yi ya isa hukunci. A bar wa Hajara fushinta, domin shekara 19 aka ɓoye mata uba, kada a sa ta yafe a shafi ɗaya. A kuma nuna ranar da uwargida ta fara kallon ɗiyarta da sanin cewa ita ta rage musu jika 400.

Kafin a saki, a ba matasa uku su karanta, a tsayar da su a kashi uku bisa huɗu, kowa ya rubuta wanda yake zargi da dalilinsa. In duka ukun sun gano, a rage shukar alkunya daga uku zuwa biyu, ko a ƙara wa amarya nauyin zargi. In ba wanda ya ko kusa, kuma da suka ga amsar suka ce ba a yi musu adalci ba, a koma babi na 2 a fito da alamar fili kaɗan. In ɗaya ya gano, biyu suka ce "kash, ai an faɗa", a bar shi haka, a koma gyaran ƙugiya da waƙafi.